KOWA YA CI LADAN KUTURU

Wata magana ta yi yawa a bakin iyaye, watau ta majigin zanen nan na mutanen ƙarfe masu rikiɗa su zama mota ko jirgin sama, wanda a ke kira Transformers, da yaranmu su ke kallo a wayar hannu. Waɗansu sun ce a hana su ɗungum, don kuwa mugun cikinsu, Galvatron, shi ne yara suka fi sha'awa. Mun bi labarin daga tushe, ga kuma abin da muka gani.

Asalin abin ciniki ne. Kamfanin Hasbro na Amurka da Takara na Japan su ke da kayan wasan, aka fara majigin a 1984 don kayan su shiga kasuwa. A 1986 aka yi babban fim na silima, aka kashe tsofaffin jarumai da dama don a buɗe wa sabon kaya hanya. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan dabara. Amma fa a cikin tallan nan akwai labari guda wanda ya cancanci a tsaya a kansa.

Galvatron da farko sunansa Megatron, shi ne shugaban miyagu. Ya ji mummunan rauni wajen yaƙi, sai barensa Starscream, wanda ya daɗe yana haƙon sarauta, ya jefar da shi daga jirgi cikin sararin sama. Yana nan yana shawagi tsakanin rai da mutuwa sai ya gamu da Unicron, wani dodon ƙarfe mai girman duniya sukutum, wanda abincinsa duniyoyi ne. Unicron ya ce zai ba shi sabon jiki da sabuwar runduna, bisa sharaɗin ya yi masa aiki. Megatron ya fara tayar da kai, wai shi ba mallakar kowa ba ne. Da ya ga halaka ƙiri-ƙiri sai ya amsa. Aka sāke masa jiki, aka sāke masa suna.

To, jama'a, a nan gizo ya ke saƙa. Ƙarfinsa ya ninka na dā, har ya je ya ƙone Starscream ya zama toka ran naɗinsa. Amma duk sa'ad da ya yi niyyar saɓa wa mai gidansa, sai Unicron ya aiko masa da azaba daga nesa, ya faɗi yana birgima yana kururuwa. Daga baya ma, a cikin majigin talabijin, hankalinsa ya gushe, ya riƙa dukan mutanensa, har amintaccensa Cyclonus ya kai shi wata duniya inda a ke jinyar masu taɓin hankali. Bai warke ba, sai ma ya ragargaza wurin.

Labarin komawarsa baya cikin zamani kuwa, a jaridar zane ta mako-mako da a ke bugawa a Ingila a wancan lokaci ya fito, wani marubuci Simon Furman ya tsara shi a 1986. Galvatron ya gaji da bauta, ya taso daga shekarar 2006 ya koma baya shekara 20, shi da barorinsa biyu, don ya ƙera ƙatuwar igwa ya ɓoye, in lokaci ya yi ta harbe Unicron. Marubucin nan ya sa wata ƙa'ida mai ma'ana: duk wanda ya komo baya, tilas wani na wannan zamani ya ɓace don a ba shi wuri. Zuwan su uku ya sa mutum uku na ɓangaren kirki suka ɓace, har da shugabansu Optimus Prime. Dabarar ba ta ci ba. Ya sāke komowa, ya ƙi tafiya, har zamani kansa ya tsage, tsagar ta haɗiye shi a labarin da aka buga a 1989.

Kun ji fa. Mutum ya sayar da kansa a rana ɗaya, ya ƙare sauran kwanakinsa yana neman hanyar komawa jiya, kowane yunƙuri kuwa wani marar laifi ke biyan kuɗinsa.

Ashe mu ba mu san irin wannan ciniki a unguwanninmu ba? Saurayi ba shi da aiki, ba shi da jari, sai wani mai hannu da shuni ya kira shi ya ba shi babur da 'yan sidi, ya ce ka zama yarona ran zaɓe. Wani kuma 'yan sakawa ne su ke jansa da sabuwar waya da mota. Ran da ya karɓa yana tafiya yana taƙama. Ran da ya ce ya gaji, ran nan zai san akwai igiya a wuyansa. Ba mu manta da harbin da aka yi a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Ankara cikin Janairun 2019 ba, wanda ya sa majalisar Gana ta kafa dokar hana ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa a shekarar nan. Doka ta yi nata, amma doka ba ta shiga zuciyar yaro. Wannan aikinmu ne.

Masu cewa a hana kallo suna da hujja, ba mu raina ta ba. Yaron da ya bar allonsa, ko aka kira salla yana riƙe da waya, lalle a karɓe ta. A yanka musu lokaci, kuma kada uba ya ci bashi don sayen kayan wasan da aka yi majigin dominsu. Amma hani kaɗai ba ya koya wa yaro kome, zai je gidan maƙwabta ya kalla. Abin da mu ke ba da shawara shi ne uba ko wa ya zauna da shi sau ɗaya, ya tambaye shi: wannan da ka ke sha'awa, wa ya ba shi ƙarfinsa? Me ya sa ya ke kururuwa? Yaro zai ba da amsa da bakinsa, abin da ya faɗa da kansa kuwa ya fi zama.

Sa'an nan a gaya masa abin da masu majigi ba su gaya masa ba. Galvatron ya nemi gyaran jiya da igwa, bai taɓa cewa na yi laifi ba. Malamanmu sun karantar da mu cikin Suratul Mu'minun labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya ya gyara, aka ƙi. Jiya ba ta dawowa ga kowa. Ƙofa ɗaya Allah ya bar wa bawa a buɗe, ita ce tuba, da mayar wa mutane hakkinsu tun da sauran numfashi.

Ku 'yan kasuwa kuma, mai rumfa ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa ciniki, mai gareji ya ɗauki ɗaya. Wanda ya sami mai riƙe hannunsa a gida, da wuya ya miƙa wuyansa ga dodo a waje. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Allah shi shirya mana zuriya, shi ba mu wadatar zuci, amin. Haza wasalam.

Magatakardan Liman