"Ba Ruwana" Maganar Kayinu Ce

Karatu: Littafin Firistoci 19:17-18, Matiyu 18:15-17, 1 Timoti 5:19-21



Bari mu fara da abin da yawancinmu muka gani da idonmu. Ran Lahadi, bayan sanarwa, sakataren ikkilisiya ya karanta sunan wata yarinya. Ta yi ciki ba aure, an sa ta a horo. Ta tashi daga cikin mawaƙa ta koma bencin baya, ba za ta ƙara cin Jibin Ubangiji ba sai dattawa sun waiwaye ta. Jama'a suka yi tsit, wasu suka girgiza kai, aka ta da waƙa, sujada ta ci gaba. Wanda ya yi mata cikin kuwa yana gaba yana kaɗa jita. Kowa ya san shi. Mahaifinsa dattijo ne, kuma shi ya sayi kwanon da aka rufe majami'ar.

Mu da muke riƙe da aikin kiwo mun taɓa zama a irin taron da ake yanke wannan hukunci, muka ga rashin adalcin, muka kama bakinmu. Mun ce muna neman zaman lafiya ne. Gaskiyar ita ce tsoro muka ji. Saboda haka wannan magana ta fara cin mu kafin ta iso gare ku.

Mutum na farko da ya ce ba ruwansa da ɗan'uwansa shi ne Kayinu. A Farawa sura 4 Allah ya tambaye shi inda Habila yake, shi kuwa ya musa cewa tsaron ɗan'uwan nan hakkinsa ne, alhali jinin Habila bai ko bushe a saura ba. Duk lokacin da muka ga ɗan'uwa yana gangarawa rami, ko muka ga yana tura wani a ramin, muka ɗaga kafaɗa muka wuce, amsar Kayinu muke maimaitawa.

Kowa ya haddace umarnin ƙaunar maƙwabci a Littafin Firistoci 19:18. Ku koma aya ɗaya baya. Aya ta 17 ta hana mu riƙe ɗan'uwa a zuci, ta umarce mu mu tsauta masa a fili, don kada mu ɗauki alhakin zunubinsa. Allah ya jera tsautawa da ƙauna a wuri ɗaya. A wurinsa, wanda ya ga laifi ya yi shiru ya sami rabo a cikin laifin. Haka ya faɗa wa Ezekiyel a sura 33: mai tsaron da ya hango takobi ya ƙi busa ƙaho, a hannunsa za a nemi jinin waɗanda suka hallaka.

To, me ya sa muke shiru? Akwai dalilai uku da muke fakewa da su, kuma dukansu mun yi musu ado da ayoyi.

Na farko, sai a ce Yesu ya hana mu yi wa kowa shari'a. Masu faɗin haka suna karanta Matiyu 7:1 su rufe Littafi. Da sun kai aya ta 5, da sun ga cewa Ubangiji ya ce a fara cire gungumen da ke idon kai, sa'an nan a gani sosai a cire ɗan hakin da ke idon ɗan'uwa. Hakin nan dole ya fita. Munafunci Yesu ya hana, wato abin da Hausawa ke cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A 1 Korantiyawa 5 wani mutum yana zama da matar ubansa, ikkilisiya kuwa tana ta fahariya. Fushin Bulus ya fi sauka a kan jama'ar da suka zuba ido. Ya ce musu mutanen waje Allah ne zai hukunta su, amma na cikin gida alhakinsu yana wuyan ikkilisiya. Mu mun juya abin. Bakinmu ba ya gajiya da zagin 'yan siyasa da 'yan fim, amma in magana ta zo kan shugaban zumuntarmu sai mu zama bebaye.

Na biyu, da zarar an ambaci fasto ko wani babba sai a tuna maka cewa ba a taɓa shafaffen Allah. Ku buɗe Zabura 105 ku karanta daga aya ta 12 zuwa ta 15. Zancen Ibrahim da zuriyarsa ne, sa'ad da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Ayar garkuwa ce ga marasa ƙarfi a gaban masu ƙarfi, mu kuma mun mai da ita garkuwar masu ƙarfi. Dawuda ya ƙi kashe Saul a kogo, gaskiya ne. Amma a wannan sura ta 1 Sama'ila 24 ya fito ya ɗaga murya ya faɗa wa Saul muguntarsa a gaban sojojinsa. Shi Dawuda ma shafaffe ne lokacin da Natan ya shiga fada da labarin 'yar tunkiyar matalauci, ya nuna masa cewa shi ne mai laifin a kan Uriya da Batsheba. Bulus ya tsaya gaban Bitrus a Antakiya, a gaban kowa, domin Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai har Barnaba ma ya bi shi. In ana iya gyara wa Bitrus, wane ne fasto da ba za a gyara masa ba? Kwalar da muke ɗaurawa a wuya ba ta wanke zunubi.

Na uku shi ne ya fi kama mu a nan arewa. Sai a ce a rufa wa ikkilisiya asiri, kada maƙwabta su yi mana dariya, kada sunan Yesu ya ɓaci. Mun san inda tsoron nan ya fito, domin a garuruwa da yawa mu kaɗan ne kuma ido yana kanmu. Amma ku ji abin da rufin asiri ya haifar a wata ƙasa.

A Ingila an yi wani babban lauya mai suna John Smyth, jagora a sansanonin bishara na 'yan makaranta. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 yana kai samari wani ɗaki a bayan gidansa yana yi musu bulala har jini, yana ce musu horon ruhaniya ne. A 1982 wasu shugabanni suka bincika, suka rubuta rahoto, suka san abin da ya faru dalla-dalla. Ba su kai wa 'yan sanda ba, don kada aikin bishara ya sha kunya. A 1984 Smyth ya koma Zimbabuwe, ya buɗe sababbin sansanoni, ya ci gaba da cutar yara, 'ya'yan Afirka irinku. Sai a 2017 wani gidan talabijin ya fallasa maganar. Ya mutu a Afirka ta Kudu a 2018 ba tare da kotun Ingila ta gurfanar da shi ba. A watan Nuwamba 2024, bayan rahoton bincike ya fito, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya sanar da murabus ɗinsa. Kunyar da aka guje wa a 1982 ta zo bayan shekara 42, ta ninka, kuma yaran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba su suka biya kuɗinta a tsakani. Mu ma muna da namu salon: fasto ya yi ɓarna a nan, sai a yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙauye, a ba shi sabon garke da bai san komai ba.

Eli bai saci nama daga tukunyar hadaya ba, bai kwana da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa ba. 'Ya'yansa Hofni da Finehas ne suka yi. Ya ma yi musu magana a hankali. Duk da haka 1 Sama'ila 3:13 ta ce hukunci ya sauko wa gidansa domin ya sani amma bai hana su ba. A rana ɗaya 'ya'yan suka mutu, aka ƙwace akwatin alkawari, tsohon mai shekara 98 ya faɗo daga kujera ya karya wuya. Allah bai taɓa roƙon kowa ya kare sunansa da ƙarya ba.

Yanzu kada wani ya karanta wannan ya ruga zuwa WhatsApp. Akwai masu shiru a gaban mai laifi amma bakinsu ya fi reza a bayansa. Su ne ke kawo gulma da sunan roƙon addu'a, su ne ke ɗaukar hoton hirar mutum suna turawa rukuni-rukuni, su ne ke habaici a Facebook. Wannan ma "ba ruwana" ce, domin mai yin haka bai damu ɗan'uwan ya tuba ko ya lalace ba, labarin ne ya yi masa daɗi. Mai gulma da mai shiru duk abu ɗaya suke gudu, wato su zauna ido da ido da mutumin.

Hanyar da Ubangiji ya shimfiɗa a Matiyu 18 ta fi duka biyun wuya. Ka je wurinsa kai kaɗai. In bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, a kai maganar gaban ikkilisiya. In ya ƙi jin ikkilisiya, a daina lissafta shi cikin zumunci har ya tuba. Ku lura da abin da ke kewaye da ayoyin nan: kafinsu misalin tunkiyar da ta ɓata ne, bayansu koyarwa ce a kan gafara. Manufar ita ce a dawo da ɗan'uwa gida. Galatiyawa 6:1 ta ce a yi shi da tawali'u, mai gyaran yana lura da kansa. Bulus ɗin da ya ce a fitar da mai zunubi shi ne ya rubuta a 2 Korantiyawa 2 cewa wanda aka hora a yafe masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ikkilisiyar da ta iya kai mutum bencin baya amma ba wanda ya taka zuwa gidansa ko sau ɗaya, korarsa ta yi.

Game da shugabanni, 1 Timoti 5:19-21 ta kare kowane ɓangare. Ba a karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, don kada mai ƙiyayya ya ɓata bawan Allah. In laifin ya tabbata kuma ya nace a kai, a tsauta masa a gaban kowa, ba tare da son kai ba. Ma'auni ɗaya ne ga 'yar gwauruwa da ɗan dattijo. A Yahaya 8 an kawo mace ita kaɗai, alhali Littafin Firistoci 20:10 ya ambaci namiji da mace duka. Masu duwatsun nan sun bar namijin ya tafi, mu ma har yau haka muke yi.

Akwai abu ɗaya da dole mu faɗa ba kwana-kwana. In babba ya taɓa yaro ko yarinya, in an yi fyaɗe, in miji yana dukan matarsa har rai yana cikin haɗari, wannan ya wuce zaman sulhu a ofishin fasto. Laifi ne a gaban doka. Najeriya tana da Dokar Kare Hakkin Yara ta 2003, kuma Romawa 13 ta kira hukuma ma'aikaciyar Allah don hukunta mai mugunta. Kada a tura yarinya ta fuskanci wanda ya cuce ta ita kaɗai da sunan Matiyu 18. A wannan sura, aya ta 6, Yesu ya yi maganar dutsen niƙa a wuyan mai sa ƙanana tuntuɓe. A kai ta asibiti, a kai rahoto ga 'yan sanda, a dakatar da mutumin daga hidima, sa'an nan ikkilisiya ta yi nata aikin na kiran tuba.

Haka ma kuɗi. Tambayar inda baiko ya shiga ba rashin bangaskiya ba ne. A 2 Korantiyawa 8 Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya tafi da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi. A zumuntarku mutum biyu su ƙirga baiko, mutum biyu su sa hannu kafin a cire kuɗi, a karanta rahoto a gaban kowa. Ma'aji mai gaskiya zai yi murna da haka, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

'Yan'uwa, kada ku jira sai kun zama dattawa. Halin da za ku kai kujerar dattawa yanzu kuke koyonsa. Kun san abokin da cacar waya ta cinye kuɗin makarantarsa. Kun san wanda ya fara shan ƙwaya. Kun san ɗan'uwan da ke yi wa 'yan mata uku alkawarin aure a zumunta ɗaya, kun kuma san 'yar'uwar da ta daina zuwa tun ranar da aka karanta sunanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A makon nan ka yi addu'a, ka binciki zuciyarka, ka tashi ka je. Ka faɗi abin da ka gani da idonka, ban da jita-jita, ka kuma saurara. Mai yiwuwa ya yi fushi, mai yiwuwa abota ta yi sanyi na ɗan lokaci. Yakubu ya rufe wasiƙarsa da cewa wanda ya komo da mai zunubi daga bauɗewarsa ya ceci rai daga mutuwa, kuma wannan ya fi fushin wata ɗaya nauyi. In kuwa kai aka zo wa, ko da mu fastoci ne, mu saurara kafin mu kare kanmu.

Ya Ubangiji, ka gafarta mana shirun da muka yi don tsoron mutane, da maganganun da muka yi a bayan 'yan'uwanmu. Ka ba mu ƙarfin halin Natan da zuciyar makiyayin da ya bi tunkiya ɗaya. Ka warkar da waɗanda aka cuta a cikin gidanka, ka komo da waɗanda muka kora. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.