A Raba Faifai Tun Kafin Gobara

'Yan'uwa ɗalibai, bara wani abokin karatunmu ya kai kwamfutarsa wurin mai gyara domin Windows ta ƙi tashi. Mai gyara ya goge faifan ajiyar kakaf, ya sake ɗora ta. Kundin bincikensa na shekarar ƙarshe ya tafi ke nan. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A ganina laifin bai tsaya ga mai gyara kaɗai ba. Wanda ya cusa Windows da aikinsa cikin sashe guda, tamkar ya gina rumbu ne a gindin murhu. Tsohon tsarin MBR, wanda ya fito a 1983, manyan sassa 4 yake yarda a yanka, domin gurbi 4 ke cikin jadawalinsa. Tsarin GPT kuwa har 128 a Windows. Mu sassa 2 sun ishe mu: ɗaya na Windows, ɗaya na takardunmu. Ko an goge na farko, na biyun yana nan.

Amma fa rabon ba ya hana faifan kansa mutuwa. Saboda haka a kwafe aiki a filashi kafin a fara yanka, a kuma riƙa sabunta kwafin. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.