Katsi da Makuba ma Kayan Zane Ne

A 'yan shekarun nan, duk baje kolin zane-zanen da mutum ya leƙa, a Abuja ko a Legas, zai tarar da allunan da ba fenti kaɗai aka shafa musu ba. An manna ƙyalle, an barbaɗa yashi, an soka waya, wani har da murfin kwalba da tsohuwar jarida. Ɗalibai kan taru a taron bita su yi ta gwada wannan haɗe-haɗe, suna ɗaukarsa baƙon ilimi daga Turai. Gaskiya ne Picasso da Braque sun fara manna takarda a jikin zane a Faransa wajen 1912. Amma wanda ya tashi a cikin ganuwar Zazzau, in aka ce masa haɗa kayan aiki mabambanta sabon abu ne, murmushi kawai zai yi.

Mai karatu ya dubi yadda ake laso. Idan marina suka gama rini, abin da ya kwanta a gindin rijiyar shi ne katsi. Sai a kwashe, a shanya, a ƙona, a daka. A je majema a samo gashin da aka kankare daga fata, a jiƙa saiwar dafara don yauƙinta, a kwaɓa su wuri guda. Sana'a uku ke nan suka haɗu kafin magini ya shafe soro ya hana ruwa shiga. Makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa take. Tun ƙasa tana ɗanya gwani zai fitar da dagi da takobi a fuskar zaure, da zamani ya juya ya ƙara keke da mota da jirgin sama. A ƙololuwar bakan gizo kuma ya kafa tasa mai ƙyalli. Daga wannan gidan sani Babban Gwani Malam Mika'ilu ya fito, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830.

A gefe guda kuma, sunan Zariya ya shiga tarihin zanen duniya ta wata ƙofar. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon malamansu Turawa ba, za su haɗa dabarar aji da gadon iyaye. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Fitattunsu duk daga Kudu suka zo, kuma kowa gidansu ya waiwaya: Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo. Ba laifinsu ba ne, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Tun 1998 Onobrakpeya yake shirya taron bita mai sunan hunturu a garinsu Agbarha-Otor ta Jihar Delta, inda mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba suke aiki a inuwa ɗaya.

Irin wannan zama nake so a yi a cikin birni. Daga Samaru zuwa Ƙofar Doka tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba. A sami zaure, a zaunar da ɗalibai da magina da marina da dukawa da masu ɗinkin aska takwas na tsawon mako biyu, kowa ya zo da kayan aikinsa. Sharaɗi ɗaya ne: dattawan nan malamai ne, a biya su ladan malanta. Abin da aka saba, a ɗauke su hoto, a cika kundin digiri da maganarsu, a tafi, shi ya sa da yawansu suke riƙe sirrin sana'a, kuma ban ga laifinsu ba.

Iyayen da suke ƙyamar zane saboda batun surar mai rai, wannan aiki bai dogara da ita ba. Dagi da zayyana da launin baba sun ishi yaro ya nuna basirarsa.

Lamarin ya wuce ado. Siminti da bulo sun cinye gidajen ƙasa, rinin baba ya ja baya, katsi ya yi wuya. Da wani sashe na Masallacin Juma'a ya rufta a watan Agusta na 2023, aka rasa rayuka, Allah Ya gafarta musu, tambayar da ta biyo baya ita ce mutum nawa suka rage da suka san yadda ake ɗaure azara a irin wannan gini. Ɗalibin da ya kwaɓa laso da hannunsa sau ɗaya, ko allo kawai ya shafa wa, ya riƙe ma'aunin da babu shi a littafi.

In za a yi, a yi shi da rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ƙasa take bushewa da wuri kuma magina ba su tafi gona ba.