ANDROID KO iPHONE: WACCE TA DACE DA ALJIHUN MA'AIKACI?

Duk wanda ya saba zama a ofisoshin gwamnati lokacin da aiki ya lafa, ko kuwa ya leƙa ɗakunan kwanan ɗalibai da daddare, ya san akwai wata gardama wadda ba ta ƙarewa, watau wadda ake tafkawa tsakanin masu riƙe da iPhone da masu riƙe da wayoyin Android. Mai iPhone ya ce tasa ta fi ɗaukar hoto, kuma ba ta saiɓi. Mai Android ya ce da kuɗin guda ɗaya shi zai sayi huɗu har a ba shi canji. Na sha zama in saurari irin wannan musu har a watse, amma ban taɓa jin wanda ya yi tambayar da a ganina ta fi kowace muhimmanci ba: shekara nawa wannan waya za ta yi tana yi mani aiki, kuma a hannun wa ikon yanke wannan wa'adi yake?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya rarrabe abu biyu. Akwai gangar jikin waya, watau gilashi da batir da kyamara. Akwai kuma babbar manhaja wadda ke tafiyar da su duka, kamar yadda direba ke tafiyar da mota. A yau manyan manhajoji biyu ne suka mamaye duniya. Ta farko ita ce iOS, ta kamfanin Apple na Amurka, wanda ya fito da iPhone a shekarar 2007. Ta biyu ita ce Android, wadda kamfanin Google ya saya tun tana ƙaramin kamfani a 2005, aka kuma fara sayar da wayar da ke ɗauke da ita a 2008. Apple shi ke ƙera wayarsa, shi ke rubuta manhajarta, bai yarda wani ya yi amfani da ita ba. Shi kuwa Google ya bar ƙofa a buɗe, har Samsung na Koriya ta Kudu, da Xiaomi da Oppo na ƙasar Sin, da Transsion mai Tecno da Infinix da Itel, kowa ya ɗauka ya ɗora a kan tasa. Saboda haka idan mutum ya ce "Android", bai faɗi waya ɗaya ba, kasuwa guda ya ambata, wadda a cikinta akwai abin da ya kai iPhone tsada, akwai kuma wanda ɗan sakandare zai iya tara kuɗinsa. Rabin gardamar da ake yi daga rashin fahimtar wannan ta samo asali.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tune da shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta shigo ƙasar nan, aka huta da bin layi a ofishin NITEL. A wancan zamani Nokia ce sarauniya, ba a haɗa ta da kowa. Bayanta aka yi yayin BlackBerry, har ta kai matashin da ba shi da lambar BBM ba ya cikin lissafi. To, ina suke yanzu? A 2014 kamfanin Microsoft ya kammala sayen sashen waya na Nokia don ya tallata manhajarsa ta Windows, abin bai karɓu ba, ya janye. A ƙarshen 2017 WhatsApp ya daina aiki a kan manhajar BlackBerry, a ƙarshen 2019 ya daina a kan wayoyin Windows, sa'an nan a watan Janairu na 2022 kamfanin BlackBerry da kansa ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa. Mutane da yawa sun wayi gari da waya a hannu, gilashinta bai tsage ba, batirinta na riƙe caji, amma ta zama ado kawai, domin an zare mata rai daga wata ƙasa mai nisa. Kazalika a 2019, da gwamnatin Amurka ta sa wa kamfanin Huawei takunkumi, sababbin wayoyinsa sun rasa manhajojin Google, ba don wani laifi na mai saye ba.

Wannan shi ya kawo mu ga batun sabuntawa, wanda mai shago ba ya son a daɗe a kansa. Kullum ana gano kafofin da ɓarayi za su iya bi su shiga waya, kamfani kuma ya aiko da gyara ta intanet ya toshe. Ranar da kamfani ya daina aiko da wannan gyara, daga ranar wayarka ta fara zama gida mara ƙyaure, kuma sannu a hankali manhajojin banki su ma za su juya mata baya. A nan dole mu ba Apple haƙƙinsa. Wayar iPhone 6s da ta fito a 2015 ta ci gaba da samun sabuwar manhaja har zuwa 2021, haka kuma iPhone XR ta 2018 ta samu har zuwa 2024. A ɓangaren Android an daɗe ana jan ƙafa, sai a 2023 Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga wayarsa Pixel 8, Samsung ya bi sahu a 2024 da Galaxy S24. Amma fa waɗannan na masu hali ne. Da yawa daga cikin masu araha, waɗanda su ne a hannun talaka, ba su wuce sabuntawa ɗaya ko biyu ba a watsar da su, wasu ma yadda aka saye su haka za su mutu.

Kada wannan ya sa a ɗauka Apple waliyyi ne. A ƙarshen 2017 kamfanin ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyin da batirinsu ya raunana ba tare da ya sanar da masu su ba, abin da ya sa hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020. Kuma ya yi shekara da shekaru yana tilasta wa jama'a sayen igiyar caji irin tasa shi kaɗai, bai koma ga wadda kowa ke amfani da ita ba sai a 2023, bayan da Tarayyar Turai ta kafa doka.

To, mu dawo gida. Babu wanda zai yi maganar waya a Afirka da adalci ya tsallake kamfanin Transsion na birnin Shenzhen. Tun wajen 2008 ya mai da hankalinsa ga wannan nahiya, a lokacin da manyan kamfanoni ke aiko mana da ragowar abin da suka ƙera domin wasu. Mutanensa sun lura cewa ɗan Nijeriya yana yawo da layi biyu ko uku saboda yau wannan ya yi kyau gobe ya ɗauke, sai suka yi waya mai cin layi biyu. Sun lura wutar lantarki ba ta zama, suka girka babban batir. Sun lura kyamarorin da ake da su ba su fitar da fuskar baƙar fata sosai, suka gyara nasu. Suka kafa masana'anta a Habasha, suka buɗe wuraren gyara a manyan garuruwa. Ba abin mamaki ba ne da a 2017 suka sha gaban Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Wanda ya taɓa kwana uku a ƙauye babu wuta, ya san darajar batir mai ƙarfi fiye da wanda ke karanta talla.

Sai dai Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wayoyi masu sauƙin kuɗi sukan zo cike da manhajojin da ba ka nema ba, ba ka kuma iya gogewa, ga tallace-tallace suna faɗowa suna cinye datar da ka saya da guminka. A 2020 wani kamfanin bincike ya bayyana cewa an samu muguwar manhaja a cikin dubban wayoyin Tecno W2 tun kafin a fitar da su daga kwali. Transsion ya ce daga wajen wani mai kawo masa kaya aka samu matsalar, ya kuma fitar da gyara. Daɗin daɗawa, buɗaɗɗiyar ƙofar nan ta Android takan zama masifa a hannun wanda bai kula ba. Ɗalibai sun saba tura wa juna manhajoji daga waya zuwa waya, har da jabun WhatsApp masu launi-launi, ba tare da sanin wanda ya rubuta su ba. Mun kuma ga abin da manhajojin ba da rance suka yi, yadda suke kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum, in ya makara wajen biya su aika wa surukansa da shugabansa na ofis saƙon cin mutunci. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta dirar musu a 2022, Google kuma ya hana su taɓa lambobi da hotuna a 2023. A iPhone irin wannan ya fi wuya, domin a ƙasar nan ƙofa ɗaya ce tak ta shigar manhaja, kuma da mai gadi a bakinta.

In haka ne, wani zai ce, me ya hana kowa ya sayi iPhone ya huta? Lissafi ne ya hana. A 2024 an sa wa iPhone 16 farashin dala 799 a Amurka. A shekarar nan dala ta haura Naira 1,500, bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023. Watau kusan Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ke nan, tun ba a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. A shekarar nan ce kuma aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Ƙaramin ma'aikaci sai ya yi wata goma sha bakwai bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya riƙe ta.

Da yake sabuwa ta gagara, sai aka koma ga ta hannu, wadda ake kira tokumbo, kuma a nan ne hankalina ya fi tashi. Na san wani matashin akawu da ya ci bashin ƙungiyar adashi ta ofis ya sayi tsohuwar iPhone, ba don komai ba sai don a gan shi da ita. Bai yi wata biyu ba wata matsala ta sa aka wanke wayar, ta farka tana neman kalmar sirri ta mai ita na farko, wanda Allah kaɗai Ya san ƙasar da yake. Har yau tana cikin durowa, shi kuwa ana yankar albashinsa. Wannan makulli, wanda Apple ya shigo da shi a 2013 domin karya kasuwar ɓarayi, abu ne mai kyau, amma mai saye a gwanjo shi yake kwana a ciki. Akwai waɗanda aka ɗaure su ga kamfanin sadarwa guda na ƙasar waje. Akwai waɗanda aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda ba su da ramin sa layi ko kaɗan, sai an je an buɗe layin da ba na kati ba. Akwai waɗanda aka canza musu gilashi da batir da na jabu. Sannan mafi yawansu sun riga sun cinye rabin shekarun sabuntawarsu a hannun wani. Kyan ɗan maciji ke nan. In kuma ta lalace, a tuna Apple ba shi da kanti nasa na kansa a Nijeriya, sai wakilai, alhali gilashin Tecno ko na Samsung kana shiga Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, za a sa maka kana tsaye.

Wani ɗan ƙaramin abu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa: haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Allon rubutu na Google ya daɗe da su, Apple kuwa sai a 2023 ya sa allon Hausa a manhajarsa. Yanzu dai babu mai sauran hujjar rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi.

Ni dai a nawa ganin, ga ma'aikaci mai matsakaicin albashi da ɗalibin da iyaye ke ɗauke da shi, sabuwar Android mai matsakaicin farashi, wadda kamfaninta ya bayyana shekarun da zai yi yana sabunta ta, ta fi tsohuwar iPhone da aka saya domin ganin ido. Daidai ruwa daidai tsaki. A ɗauki farashin waya a raba shi da shekarun da suka rage mata, abin da ya fito shi ne ainihin kuɗinta. Wanda Allah Ya hore wa, ya sayi sabuwar iPhone ya riƙe ta shekara shida, bai yi asara ba. Wanda ya sayi mafi arha a kasuwa ya canza ta kowace shekara biyu, shi ma ya zauna ya yi lissafi, zai ga bai tsira da komai ba.

Amma ta yaya mai saye zai san waɗannan shekaru, alhali ba a rubuta su a ko'ina ba? A nan ne aikin hukuma ya shigo. Tun daga ranar 20 ga watan Yuni na 2025, dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera waya su ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara biyar bayan sun daina sayar da ita, su kuma tanadi kayan gyaranta har shekara bakwai. Kamfanonin da suka bi wannan doka a can, yawancinsu su ne ke sayar mana da kaya a nan. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke da alhakin amincewa da kowane samfurin waya kafin a sayar da shi a Nijeriya. Ba mu ce lalle sai ta kwafi dokar Turai gaba ɗaya ba, domin hakan na iya ɗaga farashi har talaka ya kasa saye. Abin da muke roƙo kaɗan ne: ta sa a cikin sharuɗɗanta cewa kowane kwali ya zo da ranar da za a daina sabunta wayar da ke cikinsa, a rubuce ɓaro-ɓaro da Turanci da manyan harsunan ƙasa, kamar yadda ake rubuta ranar lalacewa a jikin kwalbar magani. Hukumar FCCPC kuma ta tilasta wa masu sayar da tokumbo su ba da rasit mai ɗauke da lambar jikin waya, tare da wa'adin mayarwa in ta fito a kulle.