Mun Tafa wa Kwali, Mun Kori Maƙeri

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wata makarantar kuɗi a nan Kurmin Mashi ta gayyace mu, mu iyaye, bikin baje kolin fasahar ɗalibai. Ba za mu kama sunanta ba, domin laifin da aka yi a wurin har da mu aka yi shi.

A kan teburin tsakiya an girke wata 'yar mota baƙa wuluk, tsawonta bai wuce taƙi guda ba, sai ɗaukar ido take yi. Dodge Charger ce ƙirar 1970, irin wadda yaranmu suka sani a finafinan Fast & Furious. Kawun yaron ne ya aiko masa da kwalinta daga Amurka, shi kuma ya zauna ya manna sassan. Aka ba shi na ɗaya, muka yi ta tafi kamar tafukanmu za su tsage. A bakin ƙofa kuwa ga wani yaro, ɗan bakanike, rungume da tifar da ya ƙera da gwangwanin madara da waya. Tayoyinta daga tsohon silifa ya yanko su. Ya yi mata dogon sitiyari na waya, in ya murza sai tayoyin gaba su juya, in ya ja wani zare sai bodin baya ya ɗaga ya juye yashi. Wani malami ya dube shi ya ce ya fitar da wannan tarkacen kafin ya yanki wani. Yaro ya sunkuyar da kai ya fita. A cikinmu babu wanda ya ce uffan.

Wannan shirun namu shi ne dalilin rubutun nan.

Bari mu fara da yi wa motar kwali adalci, don kada a ce hassada ce ke cin mu. A Amurka, daga 1964 da aka fito da Pontiac GTO zuwa farkon shekarun 1970, kamfanonin Detroit sun yi yayin wasu motoci da za mu iya kira masu ƙwanji: matsakaicin bodi mai ƙofa biyu, a cusa masa ƙaton inji mai silinda takwas, ya riƙa gurnani yana shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya. Charger, Chevelle, Road Runner, duk 'yan gidan nan ne. Yaron da shekarunsa ba su kai na tuƙi ba sai ya je kanti ya sayi kwalin da kamfanoni irin su AMT da Revell da Monogram suka yi. A ciki akwai sassan roba masu yawa manne a jikin firam, da takardar da ke nuna masa abin da zai fara da wanda zai biyo baya. Zai yanko kowane sashe da reza, ya goge bakinsa, ya shafa gam, ya yi fenti, ya jira ya bushe. Komai an rage shi da ma'auni ɗaya, galibi kashi 1 cikin 24 ko 1 cikin 25, ta yadda motar da ta kai mita 5 za ta dawo santimita 20. Har yau akwai dattawa masu furfura a can da ke kashe makonni a kan mota guda. Aiki ne mai son haƙuri da natsuwar hannu, kuma yaron da ya ci kyautar nan ya yi haƙurin. Allah ya yi masa albarka.

Amma mu tambayi kanmu: me ya ƙera? Wani ne ya auna motar a can, wani ya zana, wani ya zuba roba a mazubi, wani ya lissafa matakan. Duk wata matsala an warware ta kafin a rufe kwalin. Abin da ya rage wa yaro shi ne biyayya ga takarda.

Ɗan bakaniken nan kuwa babu wanda ya warware masa komai. Shi ya tsaya a bakin titin Bypass yana kallon yadda tifa ke juye kaya har ya gane inda bodi ke lanƙwasawa. Shi ya gano cewa in taya ta matse a jikin waya ba za ta juya ba, in ta yi sako-sako kuma za ta fice, sai ya nemo abin da zai tokare ta. Shi ya yanke hannu ya koyi nannaɗe bakin gwangwani. In gaba ya rinjayi baya motar ta kife, shi zai sake lissafi. Waɗannan su ne tambayoyin da injiniya ke kwana yana tashi da su, sai dai shi yaron bai san sunansu da Turanci ba. Yawancinmu da muka haura arba'in mun yi wannan. Mun yi motar kara da ɓawo da totuwa bayan an yi girbi, mun yi ta langa-langa, mun yi taya da murfin kwalba. Mun kuma sha duka a kai, an ce wasan banza ne, ga allo can yana jira. Yau ga mu mun girma, mun karɓi bulalar daga hannun iyayenmu mun ci gaba daga inda suka tsaya.

Abin da ya sa tafin nan ya fi yi mana ciwo shi ne, mu mutanen Kaduna ya kamata mu fi kowa sanin ƙarshen labarin kwali. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, farashi ya ninka wajen sau huɗu. Wannan tsada, haɗe da tsadar inshora da dokokin hayaƙi, ita ta binne motoci masu ƙwanji. Kuɗin da ya kashe su can shi ya cika mana aljihu a nan. Aka raba kuɗin Udoji, ma'aikata suka shiga sayen ababen hawa, kuma a 1975 kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kakuri. Aka buɗe na Volkswagen a Legas, na Fiat a Kano, na Steyr a Bauci, na Leyland a Ibadan, na Marsandi a Inugu. Fijo 504 ta zama motar gwamna, motar alhaji, motar tasha, ta yi kusan shekara talatin tana fitowa daga Kakuri. Dubban gidaje sun ci abinci a wurin, ba mu raina ba. Wasu sassan ma an kai ga samar da su a cikin gida. Amma zane na Faransa ne, inji na Faransa ne, manyan sassa a akwatuna suke isowa, mu kuma mu ɗaure noti. Ashe kwalin haɗa-da-kanka muke ta yi, sai dai namu ma'auninsa kashi 1 cikin 1 ne. Ranar da naira ta faɗi, akwatuna suka yi wuyar zuwa, sai muka wayi gari muna jiran gwanjon Kwatano. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Su wa suka riƙe motocin nan a kan titi bayan haka? Kanikawan Kurmin Mashi da maƙeran Panteka. Mutumin da zai saurari kukan inji ya faɗa maka inda ciwo yake, wanda in babu sashe a kasuwa zai ɗauko na wata mota ya sassaƙe shi har ya zauna daram. Ku je ku tambaye su abin da suke yi suna yara. Da wuya ka tara biyar ba ka samu waɗanda suka fara da gwangwani da waya ba. Da safe mu kai musu motocinmu muna kiran su injiniya, da rana mu kori 'ya'yansu daga ɗakin baje koli.

Za a ce mana, to ai motar gwangwani ba ta da ma'auni. Tayar hagu ta fi ta dama, gaba ya karkace, kuma in ka ce yaron ya sake yin irinta sak ba zai iya ba. Gaskiya ne, kuma wannan magana ba ta tsaya kan yara ba. Ita ce babbar raunin sana'ar hannu a ƙasar nan. Muna da gwanaye masu ƙera injin niƙa da na casar masara da ido kawai, amma in ka sayi biyu a hannun mutum ɗaya, sashen wannan ba zai shiga wancan ba, domin babu zane, babu awo a rubuce. A nan kam kwalin Amurka yana da darasi: karanta zane, bin ma'auni, gama aiki da tsafta. To amma wa ya kamata ya koya wa ɗan bakanike wannan? Ba malamin da ya kore shi ba? Da ya ɗauko tef ya ce, zo mu je mu auna Fijo 504 ɗin da ke fake a garejin babanka. Tsawonta wajen mita 4 da rabi ne, raba da 25, ka samu santimita 18. Yanzu auna taya, auna tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, raba su duka, ka zana a takarda kafin ka taɓa almakashi. A darasi guda yaro ya koyi rabawa, ya koyi awo, ya koyi zane, kuma ba zai manta ba har abada domin a jikin motarsa ya koya. Yaron da ya iya ƙirƙira, sanya masa ma'auni aikin wata ɗaya ne. Wanda aka saba masa da jiran kwali kuwa, sai ya tsufa yana jira.

Ba yau muka fara wannan kuskure ba. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin gabatar da fasaha a ƙananan sakandare, aka yi odar injina daga ƙasashen waje. Da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, wata makarantar babu wuta, wata babu malamin da ya san kansu. Mu da muka yi makaranta a lokacin mun zana zarto da guduma a littafi, mun ci jarrabawa, ba mu taɓa riƙe ko ɗaya ba. Kullum tunaninmu fasaha aba ce da ake saukewa daga jirgin ruwa.

Kuma kada wani ya ce mana ai wasan yara ba ya kai mutum ko'ina. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da aka haifa a nan Kaduna a 1966, ya taso yana zanen motoci. Ya yi karatun zanen gine-gine a Birnin Kebbi, ya wuce Detroit, garin motoci masu ƙwanjin kansu, ya kama aiki da General Motors. Ya yi aiki a kan Pontiac G6, kuma zanensa ne aka ɗauka na samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka dawo da shi ya shugabanci hukumar ƙasa mai kula da zane da bunƙasa motoci. Muna alfahari da shi, muna yaɗa hotonsa a Facebook. Amma sai da Detroit ta tafa masa muka tafa. Jelani nawa muka kora daga bakin ƙofa ba mu sani ba?

Ga abin da muke nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Makarantu su raba gasa biyu, ta masu harhaɗawa daban, ta masu ƙerawa daban, kuma babbar kyauta ta tafi ga wanda ya fara daga babu. In ana tsoron kaifin gwangwani, a koya wa yara nannaɗe baki da sa safar hannu. Ba a hana yaro wuƙa don tana yanka, koya masa riƙo ake yi.

Malaman lissafi da na fasaha su fito daga aji. Daga kowace makaranta a unguwar nan zuwa garejin kanikawa tafiyar ƙafa ce. A gayyato bakanike ɗaya da mai walda ɗaya su zauna cikin alƙalan gasa, su ne za su gane sitiyarin da ke aiki da wanda aka manna don ado.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da hukumar NBTE, wadda hedikwatarta ke garin nan, sun riga sun fara hulɗa da maƙeran Panteka don ba su shaidar ƙwarewa. Madalla. Su sauko da abin ƙasa zuwa ga 'yan shekara goma. In har kwali muke so, to mu yi namu: a auna 504, a auna a-kori-kura, a auna gingimarin da ke ɗauko albasa da tumatir, a buga zanensu da bayani cikin Hausa, a yanka sassan da falanki ko langa-langa a Panteka, a sayar da araha. A bar wasu sassan da gangan babu su a ciki, yaro ya nemo dabarar da zai cike gurbin.

Mu kuma iyaye, mu ajiye bulala. In ka dawo gida ka tarar yaro ya baza gwangwanaye a tsakar gida, kafin ka daka masa tsawa tsuguna ka tambaye shi yadda tayar ke juyawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma a duba ta inda ake tanƙwarawar, kada a karya reshen da zai yi 'ya'ya.

Mun sake ganin yaron nan bayan kwana biyu a bakin garejin mahaifinsa, yana jan tifarsa cikin baƙin mai da ƙura. Ya ƙara mata fitilu biyu da batirin tsohuwar tocila. Muka tsaya muka ce, "Yaro, wa ya koya maka?" Ya ce, "Baba, ni na gani na yi." Muka tambaye shi ko zai kawo ta baje kolin baɗi. Ya girgiza kai, ya ce malam ya ce ba a shiga da shara.

Baɗi in Allah ya kai mu, mu za mu riƙe masa ƙofar. Wanda duk ya tafa tare da mu a ranar nan, muna jiran sa a wurin.