Garin Neman Ƙiba Kada A Samo Rama

Jama'ar Bani Malik, yau maganarmu a kan kaza ce. Da yawa cikinmu suna cinikinta, waɗansu suna aiki a gonakin kaji, waɗansu kuwa suna aika kuɗi Kano ko Maraɗi a yi musu kiwo. To, akwai wata al'ada da ta shigo, watau a fasa kafso a zuba wa kaji a ruwa, ko suna ciwo ko lafiyarsu lau, wai don su yi saurin girma.

Ga inda ɓarnar take. In aka ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗan-kaɗan kullum, raunanan ƙwayoyi su ke mutuwa, masu taurin kai su tsira, su hayayyafa. Ran da ciwo ya faɗa wa garke, sai a ba da magani ya ƙi ci. Irin waɗannan ƙwayoyi, kamar salmonela, sukan bi ɗanyen nama da kashin kaji da hannun mai fiɗa su shiga cikin mutum. Sa'an nan a kai yaro asibiti, likita ya rasa abin da zai kama shi.

Wannan ba sabon gargaɗi ba ne. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya ja kunne. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa irin wannan magani a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006. Masana sun ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 sabo da cututtukan da suka ƙi jin magani. A nan Saudiyya ma, tun 2018 Hukuma ta tsananta hana sayar da shi ba da takardar likita ba.

Sabo da haka muna roƙon masu kiwo, kada a ba kaza magani sai da izinin likitan dabbobi. In an ba ta, a jira kwanakin da aka rubuta kafin a yanka ko a sayar da ƙwai. A sani murar tsuntsaye ba ta jin kafso. A share akurki, a yi allurar rigakafi. Matan gida kuma a dafa nama ya nuna sarai, a wanke wuƙa da hannu.

Mai saye bai san abin da kaza ta sha ba, amana ce a wuyan mai sayarwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu, amin.