TUKUNYAR BURUKUTU DA ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk lokacin da aka ambaci giya a Kano, abin da yakan faɗo a zukatanmu shi ne manyan motoci shaƙe da kwalabe. Tun bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, da kafa Hukumar Hisba a 2003, mun sha ganin ana farfasa su a bainar jama'a. A Nuwamban 2013 an fasa kwalba kimanin 240,000, kuma a ranar an zubar da burukutu sama da lita 8,000. Jama'a sun riƙe lissafin kwalabe, sun mance da na burukutu, alhali kuwa shi ne ya fi kusa da talaka.

Masana'antar burukutu ba ta buƙatar inji ko gini. Mace ɗaya ce, da manyan tukwane, da itace, da buhun dawa. Takan jiƙa dawar har ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta bar ta ta yi tsami, ta sake dafawa, sannan a bar ruwan ya tashi har ya zama abin maye. Mai kauri shi ne burukutu, wanda aka tace kuwa shi ne fito. Ba ya jure ajiya, don haka a ƙwarya ake sayar da shi nan take, a farashin da ɗan dako zai iya biya. Wannan sana'a tsohuwa ce a ƙasar Hausa, an san ta wurin Maguzawa tun kafin zuwan Turawa.

Hukuncinsa a wurin Musulmi ba ya da ruɗani. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa duk abin da yake bugarwa giya ne, kuma haramun ne, ko daga inabi ya fito ko daga dawa. Tirmizi kuma ya ruwaito la'antar mutum goma a kan giya, cikinsu har da mai haɗa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Ƙanƙantar tukunya ba ta rage girman zunubi.

Sai dai muna ganin cewa fasa tukunya kaɗai ba zai kashe wannan sana'a ba. Kwalba daga nesa take zuwa, ana iya tare ta a hanya. Dawa kuwa tana cikin kowane gida, tun daga Dawanau har kasuwar Tarauni, kuma ba wanda zai hana sayar da ita. Ko manyan kamfanonin giya sun koma ga dawa bayan gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988. Idan aka fasa wa mace tukunya yau, aka bar ta da 'ya'ya da yunwa, gobe za ta sayi wata, ta koma lungun da ya fi na jiya duhu.

Mu dubi yadda Allah (S.W.T.) ya raba sahabbai da giya. Da farko, a Suratul Baƙara aya ta 219, an bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta. Sannan a Suratun Nisa'i aya ta 43 aka hana kusantar salla cikin maye. Daga bisani Suratul Ma'ida aya ta 90 ta zo da hani yankakke, mutanen Madina suka tuntsurar da tulunansu da hannuwansu. Nana A'isha (R.A.) ta bayyana, kamar yadda Buhari ya kawo, cewa da hanin ne ya fara sauka da mutane ba su bari ba. Haramcin ya riga ya tabbata, babu komawa baya, amma darasin yana nan: sai an gyara zuciya sannan hannu yake sakin ƙwarya.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, musamman limamai, da kwamitocin masallatai, da malaman Islamiyya, da masu hali, su ɗauki abu uku. Na farko, duk Musulmar da aka samu cikin wannan sana'a, a je mata da nasiha a asirce, tare da jari daga zakka da sadaka. Wadda ta iya sarrafa tsiron dawa ta iya kunun zaƙi, kuma tukunyar da ta dafa haram za ta dafa halal idan an wanke ta. Na biyu, mu zama masu saye, domin tuban da kasuwa ba ta tallafa masa ba yakan yi rauni. Na uku, mu nemi matasanmu masu zaman kashe wando kafin mai ƙwarya ya neme su.

Akwai kuma jan hankali ga iyayenmu mata masu kunun zaƙi da zoɓo. Abin sha mai zaƙi idan ya daɗe a cikin zafi yakan tashi. Annabi (S.A.W.) ya kasance ana jiƙa masa zabibi, ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a shayar da shi ko a zubar. Duk abin da ya fara kumfa da warin maye, asararsa ta fi ribarsa alheri.

Game da maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba, ba a ba kowa izinin ɗaukar doka a hannunsa ba. Zartar da hukunci aikin hukuma ne, namu shi ne wa'azi da hikima da kyakkyawan zama.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu daga uwar laifuffuka, ya yalwata mana halal, ya sa mu dace. Amin.